Yanke hoto da'ira a shafin intanet: da hannu za a yi ko a bar wa CSS?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gina shafin intanet na wata makaranta a unguwarmu, kuma hukumar makarantar ta nemi a jera hotunan malamai da 'yan kwamiti a shafi guda, kowanne a cikin da'ira kamar yadda ake gani a WhatsApp da Facebook. Hotunan da aka turo mini ba girmansu ɗaya ba. Wasu a tsaye aka ɗauke su, wasu a kwance, wasu kuma tsohon fasfo ne aka sake ɗauka da waya. Da na sa musu umarnin CSS (harshen da ake tsara kamannin shafin intanet da shi) na border-radius: 50%, kaɗan ne suka fito da'ira, sauran duk siffar ƙwai suka yi. Da na tilasta musu faɗi da tsayi iri ɗaya kuwa, sai fuskoki suka matse, har wani malami mai jiki ya koma siriri. Shin ya fi dacewa in buɗe kowane hoto a Photoshop in yanke shi da'ira in ajiye shi a matsayin PNG marar bango, ko akwai hanyar da CSS zai yi aikin ba tare da ya ɓata hoton ba? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga yankewa da hannu, domin abin da na gani a kwamfutata shi kowa zai gani.

Injiniya_Bash:
Wa alaikumus salam, Malam. Matsalolinka biyu ne, kuma kowacce da dalilinta. Ta farko, border-radius ba da'ira yake zanawa ba, kusurwoyin akwatin da hoton yake ciki kawai yake lanƙwasawa. Idan ka ba shi kashi 50 cikin ɗari, burauza takan lissafa lanƙwasar kwance daga faɗin akwatin, ta tsaye kuma daga tsayinsa. Hoto mai faɗin fiksel 300 da tsayin 200 zai samu 150 a kwance da 100 a tsaye, shi ya sa ƙwai yake fitowa. Cikakkiyar da'ira ba ta samuwa sai akwatin ya zama murabba'i, faɗi da tsayi daidai wa daida.

Ta biyu, ka ba hoton faɗi da tsayi amma ba ka gaya wa burauza yadda za ta cika gurbin ba, ita kuwa idan ba a ce mata komai ba, jan hoton take yi ko ta matse shi har ya shiga. Ga layuka huɗu da za su isar maka:

width: 160px;
height: 160px;
object-fit: cover;
border-radius: 50%;

Layi na uku shi ne maganin matsewa. Yana sa hoton ya cika akwatin da siffarsa ta asali, abin da ya yi saura a gefe kuma a ɓoye shi. Idan kana son da'irar ta riƙa girma da raguwa tare da allon waya, ka cire tsayin ka sa aspect-ratio: 1, wanda Chrome da Firefox da Safari duk suka karɓa a 2021.

Maman_Hanifa:
Injiniya, ban musa maka a kan lambobin ba, amma ina tare da Abban Sadiq. Ni a waya nake yawancin zanena, da PixelLab da Canva, kuma abin da na lura shi ne burauza ba ta san inda fuskar mutum take ba. Tsakiyar hoto take kamawa. Idan mutum yana tsaye a gefe, ko an ɗauke shi tun daga kai har gwiwa, abin da zai cika da'irar ƙirjinsa ne da aljihun rigarsa. Idan na yanke da hannuna, ni nake zaɓar inda ido zai zauna, da yawan kafaɗar da za ta fito, kuma fuskokin duka su zo da girma ɗaya idan an jera su. Wannan ba aikin layin CSS ba ne, aikin ido ne.

Injiniya_Bash:
Hajiya, kin yi gaskiya a kan ido, sai dai kin haɗa ayyuka biyu wuri guda. Daidaita fuska aiki ne daban, zagaye gefen hoto kuma aiki ne daban. Na farkon ki yi shi da hannu, ki yanke kowane hoto murabba'i da fuskar a inda kike so, ki ajiye shi JPEG ko WebP. Na biyun ki bar wa CSS. Dalilina shi ne JPEG ba ya ɗaukar bango marar launi, don haka duk wanda ya yanke da'ira a cikin fayil yawanci yakan koma PNG, shi kuwa PNG an yi shi ne don zane da tambari da rubutu, ba ya zubar da komai daga hoto, saboda haka hoton fuska a cikinsa yakan ninka na JPEG nauyi sau da yawa. Shafi mai malamai talatin ko arba'in, iyayen yara ne za su biya wannan nauyin da datarsu. Sannan ranar da shugaban makaranta ya ce ya fasa da'ira, mai CSS layi ɗaya zai canza, mai PNG kuwa sai ya sake yanke hotunan gaba ɗaya.

Sadau_Dev:
Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta sa na daina yanke da'ira a cikin fayil. Masu ba da aiki suna canza ra'ayi fiye da yadda mutum yake tsammani, kuma asalin hotunan ba kullum ake samunsu ba idan an koma nema.

Malam_Lissafi:
Ina so in ƙara wani abu da zai amfani ɓangarorin biyu, domin ko da hannu aka yanke ko da CSS, asarar ɗaya ce. Da'irar da ta taɓa gefuna huɗu na murabba'i tana cin kashi 78.5 cikin ɗari na filinsa ne kawai. Ku ɗauki hoto mai 400 a 400: fiksel 160,000 ke nan, da'irar cikinsa kuma tana da kusan 125,660. Sama da kashi ɗaya cikin biyar na hoton yana tafiya a kusurwoyi huɗu. Saboda haka hoton da ya yi kyau a murabba'i, fuska ta cika shi dam, idan aka zagaye shi zai rasa gefen kai da kafaɗu. Wanda zai yanke murabba'i domin da'ira ya kamata ya bar sarari fiye da yadda idonsa yake so, musamman a sama.

Sarkin_Zane:
Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shawarwarin da ake karantawa a kan hoton fuska, yawancinsu an rubuta su ne da tunanin mutum marar hula. Mu kuwa malaminmu yana sanye da Zanna Bukar mai tsayi, limami da rawani, wani basaraken ma rawaninsa da kunnuwa biyu a sama. Da'ira ta fi faɗi a tsakiya, tana ƙara tsukewa yayin da ake hawa sama, wato daidai inda hula take buƙatar wuri nan ne da'ira ba ta da shi. Na taɓa miƙa wa wata ƙungiya shafi, aka dawo mini da shi saboda an datse saman rawanin uban ƙungiyar, kuma a wurinsu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da nake yi yanzu shi ne in ɗauki hula da fuska a matsayin abu ɗaya, in sa tsakiyarsu a tsakiyar da'irar. Ido zai ɗan sauko ƙasa da inda aka saba, fuskar ta ɗan ragu, amma mutum yana fitowa da kamalarsa.

Abban Sadiq, idan ba ka son taɓa fayilolin, akwai object-position. Idan ka rubuta object-position: 50% 20%, burauza za ta karkata zuwa saman hoton maimakon tsakiya. Lamba ta farko hagu da dama ce, ta biyu sama da ƙasa.

Rabi_Kodin:
Haka abin yake ga mata, Yaya Sarki. Ɗaurin ɗankwali na biki faɗi yake yi ta gefe da sama, kuma shi ne abin da mai shi ta fi so a gani. Amma matsalar da na fi cin karo da ita ta farin hijabi ce. Malama ta sa farin hijabi, an ɗauke ta a jikin farin bango, shafin kuma fari ne, sai gefen da'irar ya ɓace, fuska ta zauna a sarari ita kaɗai yayin da na kusa da ita suke da da'ira sosai. Siririn layi mai ruwan toka a gefe yana gyara wannan, border: 1px ko 2px, kuma da yake layin yana bin lanƙwasar border-radius, zagaye yake fitowa da kansa. Wanda ya yanke da'irarsa a PNG ba zai samu wannan sauƙin ba, domin a wurin burauza hotonsa murabba'i ne har yanzu, layin da inuwar za su fito da kusurwa huɗu.

Abban_Sadiq:
Allah Ya saka da alheri. Na sa layukan Injiniya, ƙwai ya tafi, matsewa ma ta tafi. Na bi shawarar Sarkin Zane na sa 50% 20%, huluna da yawa sun dawo, sai dai waɗanda aka ɗauka a kwance ba su motsa ba ko kaɗan, ban gane dalili ba. Sannan har yanzu ina da damuwar da na fara da ita. Iyayen yara da yawa ƙananan wayoyi ne da su, wasu ma masu maɓalli. Ina da tabbacin su ma da'ira za su gani?

Injiniya_Bash:
Waɗanda aka ɗauka a kwance ba za su motsa sama ko ƙasa ba, domin tsayinsu ya riga ya shiga akwatin gaba ɗaya, rarar tana hagu da dama ne. Lamba ta farko za ka canza musu. Idan hular ta riga ta taɓa saman hoton tun wajen ɗauka, babu abin da CSS zai iya yi, sai a nemi wani hoton ko a ƙara bango a sama da manhajar gyara.

Damagaram_Web:
Salamu alaikum daga Zinder. A kan tambayar ƙananan wayoyi, amsar ita ce ba duka ba. Opera Mini, idan tana yanayin da ya fi tsimin data, ba wayar ce take sarrafa shafin ba. Kwamfutocin kamfanin ne suke buɗe shafin, su matse shi, su turo wa wayar sakamakon, kuma a wannan yanayin ba a zana lanƙwasar border-radius. Wanda ya buɗe shafinka ta nan, hotuna masu kusurwa huɗu zai gani. A nan wajenmu har yanzu akwai masu amfani da ita, kuma na san a Najeriya ma haka ne. Wannan hujja ce ga Hajiya Maman Hanifa, amma ni ina ganin ta fi ƙarfafa maganar Injiniya. Idan fayil ɗinka murabba'i ne da aka yanke da kyau, mai Opera Mini zai ga hoto murabba'i mai kyau, babu abin da ya rasa sai ado. Kuma mutumin da ya zaɓi wannan burauzar saboda tsadar data, shi ne wanda bai kamata a ɗora masa PNG talatin ba.

Tsohon_Hannu:
Ku yaran yanzu kun samu sauƙi. Lokacin da muka fara, kafin Internet Explorer 9 ta fito a 2011 da border-radius, idan kana son akwati mai lanƙwasasshen gefe da kowa zai gani, ƙananan hotuna huɗu kake yankawa, ɗaya ga kowace kusurwa, ka manna su da hannu. Firefox da Safari suna da nasu tun kafin nan, amma sai ka rubuta layin sau biyu ko uku, da -moz- da -webkit- a gaba. Ga shi Internet Explorer 6 ba ta iya nuna PNG marar bango daidai, wani launin toka take shimfiɗawa a baya, sai a sigar 7 ta 2006 aka gyara. Sai mu koma GIF, shi kuma fiksel a wurinsa ko ana ganinsa ɗungum ko ba a ganinsa sam, babu tsaka-tsaki, don haka gefen da'ira yakan fito kamar haƙoran zarto. Dabarar ita ce ka gauraya gefen da launin bangon shafin tun wajen yankewa. Ranar da aka canza launin shafin kuwa, sai kowane hoto ya fito da farar ƙawanya a gefensa.

Na kawo wannan ne don har yau ina ganin wannan farar ƙawanyar a shafukan mutane, musamman da aka fara yayin baƙin bango na dare. Duk inda kuka gan ta, an yanke da'irar ne a kan farin bango aka goge sauran.

Umma_Fiksel:
Baba Tsohon Hannu, wannan zamanin bai wuce gaba ɗaya ba, yana nan a cikin imel. Tsohuwar manhajar Outlook ta kwamfuta mai Windows, tun daga ta 2007, da injin Microsoft Word take nuna saƙonni, kuma wannan injin bai san border-radius ba, bai san object-fit ba. Duk mai tsara wasiƙar labarai ko sa hannun imel na ofis, idan lallai yana son da'ira ta fito wa kowa, sai ya yanke ta a cikin fayil ya ajiye PNG. Saboda haka kada a ce hanyar Hajiya ba ta da gurbi. Ni nakan ajiye murabba'in a matsayin asali, in fitar da PNG mai da'ira daga gare shi duk lokacin da imel ko takardar bugawa ta buƙata.

Maman_Hanifa:
Madalla, 'yar'uwa. Ga imel, ga fosta, ga katin gayyata, ga kalandar makaranta da za a kai wa mai bugawa, duk babu CSS a cikinsu, kuma makarantar Abban Sadiq za ta nemi waɗannan hotunan a can ma. A kan nauyi kuma, Injiniya bai faɗi cewa WebP yana ɗaukar bango marar launi tare da matse hoto irin na JPEG ba. Google ne ya fito da shi a 2010, Safari ta karɓe shi a 2020, don haka hujjar nauyin PNG ta rage ƙarfi. Gargaɗi ɗaya ga masu bin hanyata: idan za ku tura wa wani hoto marar bango ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin takarda (Document). Idan kuka tura shi a matsayin hoto, za a matse shi, kusurwoyin da babu komai kuma su cike da launi.

Sabon_Shiga22:
Ku gafarce ni, ni ɗalibi ne. A wani darasi na ga an yi amfani da clip-path: circle(50%) maimakon border-radius. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya fi?

Rabi_Kodin:
Ƙanena, a ido sakamakon yakan yi kama, amma aikinsu ya bambanta. border-radius yana canza siffar akwatin, don haka layin gefe da inuwar box-shadow suna bin sa. clip-path kuwa yana datse duk abin da ya fita daga siffar da ka ba shi, har da inuwar da layin gefen. Idan ka sa inuwa ka ga ba ta fito ba, yawanci dalilin ke nan, kuma mafita ita ce ka sa hoton a cikin wani akwati ka ba akwatin filter: drop-shadow. Inda clip-path ya fi shi ne yana iya fitar da cikakkiyar da'ira daga hoton da ba murabba'i ba, kana iya matsar da tsakiyarta inda kake so, kuma yana yin siffofi masu kusurwa shida ko tauraro. Sai dai gurbin da hoton ya ci a shafi yana nan yadda yake, rubutu ba zai matso ya cike wurin da aka datse ba. Idan kana son rubutu ya zagaye da'irar, wannan aikin shape-outside ne, kuma ba ya aiki sai hoton yana da float, umarnin da yake tura hoto gefe rubutu ya bi gefensa. Ga hoton fuska na yau da kullum, border-radius ya isa.

Sadau_Dev:
Wani abu da yake rikita masu koyo shi ne maɓalli. Idan ka sa 50% a maɓalli mai faɗin 300 da tsayin 60, ƙwai shimfiɗaɗɗe za ka samu. Idan kana son gefe biyu su zagaye, sama da ƙasa su miƙe, babbar lamba ake sawa kamar 9999px. Ƙa'idar CSS ta ce idan lanƙwasa ta fi ƙarfin akwatin, a rage ta har ta shiga, don haka a wannan maɓallin za ta tsaya a 30, rabin tsayi.

Abban_Sadiq:
Tunda an zo nan, tambarin makarantar ma na sa shi a da'ira don ya yi daidai da hotunan, sai harafin farko da na ƙarshe na sunan makarantar suka ɓace.

Malam_Lissafi:
Lissafin ɗazu ne, amma ta ɗaya fuskar. Murabba'i mafi girma da zai zauna a cikin da'ira ba tare da an taɓa kusurwarsa ba, gefensa kashi 70.7 cikin ɗari ne na faɗin da'irar. A da'ira mai faɗin 400, tambarin ya tsaya a cikin 283 a 283, sauran ya zama bango. Sannan ga tambari object-fit: contain ake sawa, ba cover ba, domin shi ba ya ɓoye komai. Masu yin manhajar Android sun san wannan matsalar tun 2017 da Android 8 ta ba kowane kamfanin waya damar yanke alamar manhaja da siffar da yake so. An ce a zana alamar a fili mai 108 a 108, amma duk abin da ba a so a rasa ya zauna a cikin da'ira mai faɗin 66 a tsakiya.

Sarkin_Zane:
Ni shawarata kada a sa tambari a da'ira sam, sai idan tun asali zagayayye aka zana shi. Ku duba LinkedIn, mutum yana cikin da'ira, kamfani yana cikin murabba'i, kuma wannan bambancin yana taimakon mai karatu. Zan ma ƙara da tambayar da ba a yi ba tun farko: me ya sa dole sai da'ira? Twitter ta yi shekaru da hotuna masu kusurwa huɗu kafin ta koma da'ira a watan Yunin 2017, Facebook ma a shekarar ta yi nata sauyin. A wurinsu akwai dalili, domin hoton ƙarami ne a gefen rubutu, kuma da'ira tana bambanta shi da hotunan da aka wallafa. Shafin malaman makaranta ba haka yake ba. Hoton shi ne abin kallo, kuma dattijo mai babbar riga da aiki a ƙirji ya fi kyau a hoto mai tsayi, huɗu a faɗi biyar a tsayi, da kusurwoyi masu ɗan lanƙwasa kamar fiksel 12 ko 16. Hula ta samu wuri, aikin rigar ma ya fito.

Umma_Fiksel:
Ban yarda gaba ɗaya ba, Yaya. Abban Sadiq ya ce hotunan daga wurare daban-daban suke, wani a ofis, wani a tsakar gida, wani tsohon fasfo. Wannan kashi ɗaya cikin biyar da Malam ya ce ana asara, yawanci bango ne, labule da ƙofa da kafaɗar wanda yake tsaye a gefe. Da'ira tana cinye su, sai hotunan da ba su da alaƙa su yi kama da juna. Idan makarantar za ta kira mai hoto ya ɗauki kowa a bango ɗaya, ina bayanka. Idan ba haka ba, da'ira rufin asiri ce.

Tsohon_Hannu:
Akwai tsaka-tsaki tsakaninku, siffar da ba da'ira ba kuma ba murabba'i ba, irin ta alamomin manhaja a iPhone tun iOS 7 a 2013. Lanƙwasar border-radius yankin da'ira ce aka manna wa miƙaƙƙen layi, kuma mai kaifin ido yana iya gane inda suka haɗu. Waccan kuwa lanƙwasar tana shigowa ne a hankali. Asalin lissafinta tsoho ne: Bafaranshe Gabriel Lamé ya bayyana shi a 1818, daga baya Piet Hein ɗan ƙasar Denmak ya yi amfani da shi wajen tsara shataletalen dandalin Sergels torg a birnin Stockholm. Manhajar zane ta Figma tana da wurin daidaita wannan laushin kusurwa, Chrome kuma ta fara karɓar corner-shape a 2025, sai dai ba zan dogara da shi a shafin da iyayen yara za su buɗe da wayoyi iri-iri ba.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne ƙa'idar akwati a cikin akwati. Idan katin malami yana da lanƙwasa 24, tazarar da ke tsakanin gefen katin da hoton kuma 8 ce, lanƙwasar hoton 16 ya kamata ta zama. Idan ka ba su lamba ɗaya, tazarar za ta yi kauri a kusurwa, ido ya ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba.

Abban_Sadiq:
Na ƙaru ƙwarai, amma bari in dawo da mu kan hotunan. Shugaban makarantar yana so nan gaba kowane malami ya riƙa ɗora hotonsa da kansa daga wayarsa. A nan ba ni da damar daidaita fuska da hannu kamar yadda Hajiya ta ce. Yaya ake yi?

Injiniya_Bash:
Sai ka miƙa wa malamin aikin idon. Akwai Cropper.js da makamantansa, waɗanda suke nuna wa mutum hotonsa da tagar yankewa, ya ja ya matsar har ya gamsu. Ka kulle tagar a murabba'i, ka sa mata border-radius don ya ga da'irar da zai samu, amma abin da za ka ajiye ya zama murabba'in. Wasu sukan yanke da'irar a kan canvas, allon zane na cikin burauza, su fitar da JPEG, sai kusurwoyin su fito baƙi ƙirin, saboda fiksel marar launi baƙi yake komawa a wannan canjin.

Abu biyu kuma ka kula da su a wajen saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta. Waya takan ajiye hoto a kwance ta rubuta a bayanan EXIF cewa a juya shi wajen nunawa. Burauzoji na yanzu suna bin wannan umarnin, amma idan manhajar da take rage girman hoto ta goge bayanan ba ta juya shi ba, malaminka zai fito a kishingiɗe. Idan da Python kake aiki, manhajar sarrafa hoto ta Pillow tana da exif_transpose don wannan. Na biyu, kada ka nuna hoton yadda waya ta ɗauke shi. Hoto mai 4000 a 3000 fiksel miliyan 12 ne, kuma CSS yana ɓoye rarar ne kawai, sai an sauke shi duka kafin a ɓoye.

Damagaram_Web:
Sai dai kada a rage shi ya wuce kima. Allon wayoyin yanzu yana sa fiksel biyu ko uku a gurbin fiksel ɗaya na CSS, don haka da'ira mai 160 tana son fayil mai 320, ko 480 ga allon da ya fi kaifi, in ba haka ba fuska ta yi dishi-dishi. Ko 480 a 480 ɗin fiksel 230,400 ne, bai kai kashi 2 cikin ɗari na asalin hoton ba. Da srcset za ka iya ba burauza girma biyu ta zaɓi wanda ya dace da wayar.

Maman_Hanifa:
Na ji duka, kuma a kan shafin da mutane za su ɗora hoto da kansu ba ni da ja. Amma ku sani ba kowane malami ne zai tsaya yana jan taga da yatsa ba. Wani zai ɗora hoton da suke su uku a wurin ɗaurin aure ya danna amincewa. Dole dai a samu mutum ɗaya da zai duba kafin a wallafa, kuma wannan mutumin zai ƙare ne a manhajar gyaran hoto, ko Injiniya ya so ko bai so ba.

Abban_Sadiq:
Ga inda nake yanzu. Na yanke hotunan murabba'i da hannu, na bar sarari a saman huluna, CSS yana zagaye su, tambarin kuma na fitar da shi daga da'ira. Na nuna wa kwamiti samfuri biyu, na da'ira da mai tsayi irin na Sarkin Zane. Malamai mata da matasan sun zaɓi da'ira, shugaban kwamiti da limamin sun zaɓi mai tsayi, kuma an ɗage maganar zuwa zama na gaba. Wani ya ba da shawarar a yi wa shugabanni mai tsayi a sama, sauran malamai da'ira a ƙasa. Akwai wanda ya taɓa haɗa siffofi biyu a shafi ɗaya?

Rabi_Kodin:
Na taɓa yi, kuma yana zama idan an raba sassan biyu da kanu da isasshiyar tazara. Sai dai murabba'in da ka yanke ba zai isa mai tsayi ba, domin cover zai ci gefensa hagu da dama, kafaɗu su tafi. Hotunan shugabannin ka koma kan asalinsu ka sake yankewa huɗu a biyar. Ka kuma tambayi kwamitin tun yanzu wa da wa ake ƙirgawa a shugabanni, saboda mataimakin shugaban makaranta zai so ya san a wane sashe yake.